Inna Mai Aron Murya

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Inna, mahaifiyar maigidana, ta amsa kiran Ubangijinta a watan Sha'aban na wannan shekara ta 1970, a ɗakinta na gidan hayar da muke ciki a Zangon Kumasi, da hantsi, ana yayyafi.

Ban taɓa ganin zaman makoki irin nata ba. Mace za ta shigo tana sharɓar kuka, ta zauna a tabarma, a yi addu'a a shafa. Can sai wata ta ce, "Kun tuna ranar da ta kwaikwayi ɗan sandan tashar Kejetiya yana tsai da mota da tumbinsa?" Sai ka ga kafaɗu sun fara rawa a ƙarƙashin mayafai. Magajiyar matan unguwarmu ta daka tsawa ta ce, "Ku ji tsoron Allah, gidan mutuwa ne fa!" Ba ta rufe baki ba dariyar ta ƙwace mata ita ma, ta toshe bakinta da gefen gyale, hawaye na zuba. Daga nan kowa ya koma kuka, kukan ma ya fi na farko ƙarfi.

Washegari wata mata 'yar Asante ta zo daga unguwar Bantama, sanye da baƙin zane irin na makokinsu. Ba wanda ya san ta. Ta durƙusa gaban maigidana tana cewa, "Duwe o, duwe," wato gaisuwar mutuwa a harshensu. Sannan ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Yaro nawa shi kwana asibiti, ba shi ci, ba shi sha. Wannan mama shi zo duba wani, shi gani yaro. Shi yi kaza, shi yi akuya, shi yi dokita. Yaro shi dariya, shi ci abinci. Yau shi je makaranta." Mu da muke gida ɗaya da Inna ba mu taɓa jin wannan labari ba.

Mazan da suka dawo daga maƙabarta sun ce sahu bai yi yawa ba. Liman ya girgiza kai ya ce da bara warhaka ta rasu, da titi bai ɗauki mutane ba. Gaskiya ya faɗa. Yawancin waɗanda suka san ta an watsa su, wasu ba mu ma san inda mota ta sauke su ba, suna can suna zaton tana raye. Shi ya sa na ce bari in faɗi abin da idona ya gani, tun kafin mu ma da muka saura mu watse. Sunanta ba zai fito daga bakina ba, suruka ce. Inna nake ce mata, haka kuma zan ci gaba.

Daga ƙasar Damagaram aka zo da ita tana yarinya, cikin ayarin fataken goro. A nan ta yi aure, a nan ta binne mijinta. Sana'arta koko da ƙosai a bakin titi, amma abin da Zango ya san ta da shi kwaikwayo ne. In ta ƙare wa mutum kallo, ta ɗauke shi ke nan: tafiyarsa, tarinsa, yadda yake jan hanci kafin ya shara ƙarya. Gajeruwa ce, ba ta da jiki, amma na ga ta miƙe ta zama ƙaton mahauci har yara suka ja da baya. Kayan aikinta ba su wuce tsohuwar hular mijinta da sanda da ɗan gawayin zana gashin baki ba.

Wasu sukan ce iska gare ta. In ta ji sai ta kaɗa kai ta ce, "Ba ni da iska, ba ni da aljani. Ido gare ni da kunne, irin naku. Ku ne dai ba ku kallon mutane, jira kawai kuke su gama magana ku yi taku." Kuma ƙafar mutum take fara kallo kafin fuskarsa. Takan ce, "Baki gwanin ƙarya ne, ƙafa ba ta iya ba."

Tana da dokokinta. Ba ta kwaikwayon gurgu ko makaho ko mai in'ina. A wurin biki sai an yi da gaske take tashi. Amma in ta ji an ce wance ta daina magana, ko wane ya juya wa bango fuska, ba ta jiran aike.

Farkon ganina da aikinta ina amarya. Wata maƙwabciyarmu ta haihu, haihuwar fari, amma ta ƙi kallon jaririn. Ba ta kuka, ba ta magana, sai ta zuba wa bango ido. An yi rubutu, an yi hayaƙi, shiru. Inna ta shiga ɗakin. Sai ta ɗora hula, ta cire takalmi ɗaya, ta fara yin mijin yarinyar ranar naƙuda: ya fita kiran ungozoma, ya dawo ya ɗauki buta, ya ajiye, ya durƙusa ya gai da akuya a zaton surukarsa ce, yana tambayar kowa, "Ni me zan yi? Ni me zan yi?" Muryar tasa ce sak. Mai jego ta juyo a hankali. Wani sauti ya fito mata kamar tari, ashe dariya ce. Dariyar ba ta yi nisa ba ta rikiɗe ta zama kuka, kuka mai shiɗewa, har nono ya jiƙa gaban rigarta. Inna ta cire hula, ta ɗauki yaron ta ɗora mata a cinya, ta karɓa.

Da muka fito ta ce da ni, "Kuka da dariya ƙofarsu ɗaya. Ki buɗe wa ɗaya, ɗan'uwan zai biyo." Sannan ta kira mijin ta ce ya kai matarsa asibiti, jikinta da zafi. "Ni ƙofa nake buɗewa," in ji ta. "Zazzaɓi na likita ne."

Maigidana bai taɓa son wannan abu ba. Mutum ne mai kunya, yana aiki a injin katako, abokansa kuma sukan tsokane shi da "ɗan mai gashin baki". Wata rana ya durƙusa a bakin ƙofarta ya ce, "Inna, don Allah ki bari haka nan. Shekarunki na carbi ne. Ana yi da ni a gari."

Ta dube shi ta ce, "Ana yi da kai? Da kake kwance da ƙyanda ka ƙi shan magani, wa ya yi maka biri har ka buɗe baki? Ranar ba a yi da kai ba?"

"Wannan daban ne, Inna."

"To, na ji. Kai ne maigida." Ta ɗauko hular ta jefa masa a cinya.

Inna ba ta cikin tsofaffin nan masu saurin hucewa. Wata da watanni gaisuwa kawai ke haɗa su. In na kai mata tuwo takan ce in mayar, kada a ce tana cin abincin masu mutunci. Ni ce a tsakiya. Shi yana kishin darajarta, ita kuma tana ganin an raina abin da Allah ya ba ta.

Suna cikin haka, a azumin bara, rediyo ya yi shelar cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar, wa'adin kuwa gajere. Mutumin da aka haifa a Zango, bai taɓa ganin Nijar da idonsa ba, ya wayi gari baƙo. Gadaje da kekunan ɗinki suka cika bakin titi, ana sayarwa kamar kyauta. Mu mai injin katakon ne ya tsaya mana har muka sami takarda, har da Inna. Yayana bai samu ba, ya tafi da mahaifiyarmu.

Kullum sai Inna ta tafi tasha da azuminta, ta tsaya tana kallon masu hawa manyan motoci. Na ce, "Inna, ranar nan za ta kayar da ke." Ta ce, "Bar ni in cika idona. Ba abin da za a bar mana nasu sai wannan."

Akwai aminin marigayi mijinta, dillalin shanu, dattijo mai kwarjini, wanda muke kira Baba. Ana gab da shelar wani bijimi ya take shi a kara, kasuwar shanu, ya karya masa cinya, aka kwantar da shi a babban asibitin da ke wajen Bantama. Yana can gidansa ya tashi kaf: matarsa, da ƙaninsa da suke ciki ɗaya, da 'ya'ya da jikoki. Bayan Sallah aka sallame shi, ya zo yana dogara sanda, ya tarar da baƙuwar fuska a ɗakinsa. Maigidana ya kawo shi gidanmu, don ɗakuna sun yi yawa, ba masu shiga.

Tun daga ranar Baba bai sake magana ba. Ƙashi ya ɗore, mutum yana ƙarewa. Liman ya zo ya yi masa nasiha, ya gyaɗa kai kawai. Ƙanin nasa ya bar wa Inna saƙo a tasha, ta kuma isar masa da bakinta tun ranar da ya dawo, amma ko ido bai ɗaga ba. Abinci yadda na kai haka nake ɗaukowa. Mutumin da muryarsa ke juya garken shanu ya koma kamar tsumman da aka jingine a bango.

Wata rana bayan azahar Inna ta tsaya a kan maigidana ta ce, "Ba ni hular ubanka." Ya shiga ya ɗauko, sannan da hannunsa ya share tsakar gida.

Da la'asar aka fito da Baba aka zaunar da shi a kujera. Mu 'yan tsirarun da muka rage a gidan muka tsaya a bakin ƙofofinmu. Sai ga mutum ya shigo daga zaure, hula a karkace, yana tafiya ƙafafu a bubbuɗe, yana gyaran murya. Wallahi na san Inna ce, da idona na ga ta fita, amma ba ita na gani ba. Ƙanin Baba ne ya shigo.

"Yaya," in ji ta.

Sandar Baba ta faɗi ƙasa.

Ba ta je wurinsa ba. Ranar da iyalinsa suka hau mota a tasha ta shimfiɗa masa a tsakar gida, ranar da bai gani ba. Ga ƙanin yana ɗaure kaya yana kwancewa, yana waiwayen hanyar Bantama, yana roƙon direba ya ƙara jira. Ta cire hula ta ja ɗankwali gaba, sai ga matar Baba, ta rungume buzun sallarsa, ana taya ta ƙi sayarwa, tana cewa, "Malam zai nema in ya fito." Ta durƙusa ta ƙanƙance, sai ga jikanyarsa tana jan zanen kakarta, tana tambaya wa zai miƙa wa Kaka buta. Ba ganga, ba waƙa, ba komai sai tsohuwa ɗaya da hula. Amma tsakar gidan nan ya cika da mutane, har na ji kamar warin man mota.

Da ta mayar da hula, sai muka ji wata murya kamar ƙofar da ta daɗe a rufe.

"Ka tafi ka bar ni."

Baba ne. Yana nuna ta da yatsa.

"Ni na goyo ka daga Tawa! Ni na yi maka aure! Ka bar ni kamar saniyar da ta karye a hanya!"

Inna ta durƙusa, ta amsa da muryar ƙanin. "Yaya, na zo asibiti an yi maka allura kana barci. Na riƙe ƙafarka, na kira ka, ba ka ji ba. In na tsaya, yara za su kwana a hannun hukuma. Ka yafe mini, Yaya."

Baba ya daɗe yana kallon ta. Sai ya sassauta murya, kamar yaro, ya ce, "Za ka dawo ka ɗauke ni?"

Kowa a gidan nan roƙonta yake a zuci ta ce e. Kalma ɗaya ce, kuma da ya yarda. Inna ta sa hannu ta cire hular, ta miƙe, ta dawo gajeruwar tsohuwar da muka sani. Ta ce da muryarta, "Wannan ban ji ya faɗa ba, Dillali. Abin da na ji shi na ba ka. Ba zan ƙara maka da nawa ba."

Kukan da Baba ya yi ban taɓa jin namiji ya yi irinsa ba. Maza suka kau da kai. Ta bar shi ya yi har ya ƙoshi, ta hana kowa ya ce masa ya yi haƙuri. Da ya lafa, ya share fuska da hannun riga, ya dube ni ya ce, "'Yata, akwai sauran tuwo?"

Maigidana ya je ya durƙusa gaban mahaifiyarsa, ya ce, "Inna." Ta miƙa masa hular ta ce, "Riƙe mini. Gobe za ka raka ni unguwar Ayigya, akwai wata can ita ma ta daina ci." Sulhunsu ke nan. Daga ranar har ƙafarta ta gaza, shi yake tare mata mota zuwa Ayigya Zango da Krofrom, duk inda aka ce an bar wani a baya.

Nawa rabon ya zo daga baya. Wani direba da ya dawo daga arewa ya kawo labarin cewa mahaifiyata ba ta isa gida ba. Ciwo ya kama ta a wurin jira a bakin iyaka, can aka rufe ta. Na yi kwanaki ina aiki kamar wadda aka ɗaura wa igiya ana ja. Rannan na shiga ɗakin Inna na ce, "Kin san ta, kin san muryarta. Ki yi mini ita, ko sau ɗaya."

Ta ce, "A'a. Wanda ƙasa ta rufe ba na tayar da shi. Ba hurumina ba ne."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce ta yi wa na waje, ni ta hana ni. Ta kama hannuna ta kai ni madafa, ta zauna a kan turmi ta ce, "In kin ƙona miya, me take ce miki?"

Na ce takan ce ko hancina na aro ne.

"Ba faɗa mini na ce ki yi ba. Yi mini."

Na tsaya ina jin kunya. Sai na ga hannuna ya hau ƙugu da kansa, kaina ya karkace, na buɗe baki na ce, "Ke! Hancin naki na aro ne?" Muryar da ta fito ba tawa ba ce. Har ɗan karyewar nan da muryarta ke yi a ƙarshen magana sai da ta fito. Na tsorata, na zube ƙasa, na yi kukan da ya ƙi zuwa tun ranar da direban ya zo. Inna ta dafa kaina ta ce, "Kin gani? Me za ki nema a wurina? Ni aro nake yi, ke gado kika yi."

Da damina ta yi nisa ƙafafunta suka kumbura. An kai ta asibiti, an ba da magani, aka ce sauran na shekaru ne. Sai ita ma ta juya wa bango fuska, ta daina karɓar ko kunu. Muka rasa yadda za mu yi. Wa zai yi wa Inna abin da Inna ke yi?

Wata rana da rana tsaka Baba ya yi sallama a ƙofarta. Ya riga ya koma kara, ya mai da jikinsa. Muka tashi za mu ba shi wuri, ya ce mu zauna. Dattijon da ba a taɓa ganin haƙorinsa a waje ba ya jingine sandarsa, ya tattare babbar rigarsa ya ɗaura a ƙugu kamar zane, ya ranƙwafa, ya tura harshe a kunci kamar mai goro a baki. Sai ya fara zagaya wani ragon da babu shi, yana tsokanar haƙarƙarinsa da yatsa.

"Dillali," ya ce da siririyar murya, "wannan rago ne ko tsintsiya? Ka ji tsoron Allah! In na yanka wannan, ai ƙudaje ma sai sun kai ni ƙara!"

Ranar da ta je sayen ragon layya a wurinsa yake yi, shekarun baya. Ya yi ta, ya juya ya yi ragon yana kallon ta da wulaƙanci, ya sake juyawa ya yi ta tana tafiya cikin fushi tana dawowa. Bai iya ba ko kaɗan. Muryar tana suɓuce masa tana komawa ta maza, ƙafarsa mai ciwo tana hana shi juyi, gumi na tsiyaya daga gemunsa. Amma bai tsaya ba.

Inna ta juyo. Ta ƙura masa ido. Sai gadon ya fara girgiza. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, na tallafe ta na ba ta ruwa.

"Dillali," ta ce, "ashe haka nake?"

"Haka kike, har kin fi."

"Shekara da shekaru ina yin kowa, ba wanda ya taɓa nuna mini ni." Ta numfasa, tana murmushi. "Ashe matar nan tana da abin kallo. Ke, ɗuma mini kunun nan."

Ta sha har ta side leɓe. Bayan 'yan kwanaki ta cika, kanta a cinyar ɗanta, kalmar shahada a bakinta.

Allah shi jiƙan Inna, shi yafe mata kurakuranta, shi yalwata mata makwanci. Yadda ta sauke wa bayinSa nauyin ƙirji, Allah shi sauke mata nata ranar tsayuwa. Amin.